Farfelar Gaba

Duk Aliero an san jif ɗin Malam Gambo manomin albasa. 'Yar ƙarama ce, ta girmi 'ya'yansa duka, ƙofar direba ma da igiya ake ɗaure ta. Amma kada ka kuskura ka raina ta a gabansa, don sai ya tsare ka da labarin duk lakar da ta taɓa ratsawa har ka yi da-na-sanin buɗe baki. Da gaskiyarsa kuwa. In ya ja ƙaramin giyan nan na gefe, tayoyi huɗu suka kama aiki tare, inda take shiga ko mai babur sai ya yi shawara.

Ran nan da hantsi ya loda mata irin albasa buhu shida, duk abin da ya yi renonsa don dashen bana. Gonar tana can cikin fadama bayan Mungadi, an ba fangulan dashe ruwa, masu dashe na jira. Iri kuwa in ya sha rana a cikin buhu, ya tashi aiki.

Ya bar kwalta, ya bi hanyar shanu har bakin lakar da ya saba ratsawa. Ya ja ƙaramin giya, ya yi bismilla, ya taka. Motar ta shiga tsakiya ta tsaya cak. Tayoyin baya sai juyawa suke suna feshin laka, na gaba ko motsi. Ya sake takawa, bayanta ya ƙara nutsewa.

Malam Gambo ya kashe inji. Ya sauko, laka har gwiwa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Farfelar gaba, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, babu ita. Ba karyewa ta yi ba, kwance ta aka yi tsaf. Ya miƙa hannu ya lalubi wurin kamar idonsa ne ke masa ƙarya.

Sai ya tuna makon jiya ya kai ta garejin Audu a Jega Sabon Gari, gyaran birki kawai. Ya ciro waya ya kira shi.

"Audu, ina farfelar gaba ta motar ga?"

"Au, Baba, ka gani ke nan? Ai ni nac cire ma ita, ita ka shan mai. Duk irinta da anka kawo muna sai mun cire. Kyauta niy yi ma, ban ko hwaɗi ba."

"Kac cire?"

"Wallahi. Ba ka ji ta yi sauƙi bisa kwalta ba?"

Ya ji mana. Har yabon Audu ya yi a majalisa, wai yaron hannunsa da albarka. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

"Maza ka ɗauko ta bisa babur, ga ni cikin laka da iri."



"Baba... masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun zaka shekaranjiya, sun kwashe tarkacen gareji duka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

 Malam Gambo ya kashe wayar, ya tsaya baki buɗe yana kallon motar. Irin wannan ƙarfe ko a Birnin Kebbi ba a samunsa yanzu, ya sani sarai.

Rana ta take. Ya zura hannu cikin buhun sama, ya ji ɗumi, ganyen har ya fara yaushi. Daga nan zuwa gona tafiya ce mai nisa, kuma babu kowa a hanyar.

Ya tuɓe babbar rigarsa, ya tsoma ta a ruwan lakar, ya lulluɓe buhu biyar da ita. Na shidan ya ɗora a ka, dattijo mai shekara sittin da uku, ya kama hanya yana ciro ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya san ba duka zai ceta ba.