Wuriyar da Hamsatu Ta Toshe

Ruwa na zuba ta indararo, Hamsatu na tsaye a ƙofar ɗaki da buhu a ka, idonta a kan ramin da ta haƙa a tsakar gida. Duk ƙauyen Gidan Amumune ba mai tare ruwan sama a cikin gida. Ana buɗe masa wuriya a gindin katanga ne, ya fita ya ci na gaba. Ita kuwa sai ta kwaɓa laka ta toshe tata.

Dalili kuwa, wuriyarsu ɗakin tsohuwa Lalla take fuskanta. Bara ruwan ya cinye gindin bangon, har ɗan tsohuwar, Danda, ya zo yana kumfar baki, wai in ɗakin uwarsa ya faɗi bana su kuka da kansu. Shi ne Hamsatu ta tuna ramin nan mai siffar rabin wata da suke haƙawa a gona don ƙasa ta sha ruwa. Ta yi irinsa a gida, mai faɗi ba zurfi, nesa da bango. Ta zuba tsakuwa da yashi da takin awaki, ta dasa gamba a baki, zogale da sure, wato yakuwa, a ciki.

"Tabki za ki yi muna?" in ji mijinta Mas'udu daga cikin ɗaki, yana goge babur ɗin kabu-kabunsa. "In ya shigo nan, ke za ki kwashe shi."

"Bari mu gani dai," ta ce. Tsoro ya kama ta sosai, amma son ganin ƙarshen abin ya fi tsoron.

Ramin ya cika. Ruwa ya kai bakin gambar, ya tsaya yana rawa kamar fura a ƙwarya. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, ko ruwan da ke dukansu bai dame su ba. Da aka ɗauke, Hamsatu ta soka kara a gefen ramin ta tsuguna tana kallo. A hankali jiƙaƙƙen wurin karan ya fara fitowa. Kafin la'asar ƙasa ta shanye komai, sai ganyen sure a kwance cikin taɓo.

Ta ja mayafi ta zaga gidan Lalla da murnarta. Gindin bango a bushe yake. Tsohuwar kuwa na zaune a ƙasa kusa da wani ƙaramin dabino, tana tona ƙasar gindinsa da yatsa. Wata siririyar hanyar ruwa da aka tone da hannu ta taso daga wajen bangon zuwa bishiyar, ba ɗigo a cikinta.

"Iya, bangonki ya tsira," Hamsatu ta ce.

"Na gani, ɗiyata. Sannu da aiki." Lalla ba ta ɗago ba. "Danda ne ke son bango. Wanga dabino ubanshi ya kawo shi daga arewa, shekarar da ya rasu. Ni ba ni iya ɗauko ruwa daga rijiya. Ruwan gidanku shika sha."

Kunya ta rufe Hamsatu. Ta tambayi ƙasa, ta tambayi gamba, ba ta taɓa tambayar tsohuwar ba. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin tsohuwar, ta bi indararon da ido har inda yake zubarwa a banza bayan gida, nesa da dabinon.

"Iya," ta ce, "ina hauyarki take?"