Makullin Motar Baba

Na shimfiɗa taswirar a kan teburin cin abinci, na danne gefunanta da kofuna. Kwana biyar: mu hau duwatsu, mu gangara bakin teku, mu dawo. Ni da Baba da Umma. Shekara tara ina karatu a waje, tsarabar da na zo masu da ita ke nan.

Matsalar ɗaya ce: wa zai tuƙa. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tirela, motar gidan tasa ce, makullinta a aljihunsa yake. Amma yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya hana shi tuƙi, shi kuwa ya ce likitan yaro ne. Watan jiya tukunyar gas ya yi wa sallama a ƙofar kicin, har ya ji haushi da ba ta amsa ba.

Umma ta ja ni gefe. "In shi zai riƙe sitiyari, ba inda za ni, ke ma ba inda za ki. Kuma kada ki kuskura ki ce masa ba ya gani."

Baba ya zauna, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Na fara nuna masa wuraren da na yi wa jan alama.

"Nan akwai wurin tsayawa, Baba. Kwarin gaba ɗaya a ƙarƙashinka yake."

"Na san wurin. Nan birkin abokina Dogo ya tsinke da lodin siminti."

"Nan kuma ruwa ke zubowa daga kan dutse."

"Yana jiƙa titi. Santsi kamar sabulu."

"To nan fa? Daga wannan lanƙwasar ake fara hango teku."

"Ana hango teku?"

"Sau nawa ka bi ta wurin?"

"Ya fi ɗari uku. Uwata, mai tirelar da ya kalli teku a nan, a ciki za a tsamo shi."

Na ga dama ta samu. "Shi ya sa wannan karon ka huta, ni in tuƙa."

"Na ce maki na gaji ne?"

Umma ta ajiye faranti da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Na san yadda ake sauka daga dutse. A ƙasar da na yi karatu har kan ƙanƙara na yi tuƙi. Amma na san ubana. Na ɗora yatsa a kan doguwar gangarar da ke kai wa ga teku.

"Ai ba wuya. Kilomita goma sha biyu ne. In cire giya in sa mota a firi, in taka birki har ƙasa. Mai ma ya yi mana auki."

Baba ya cire hula, ya ajiye ta a kan tekun da ke jikin taswirar.

"Maimaita."

Na maimaita.

"Kin ji, ko?" ya ce wa Umma. "Digiri biyu! A firi! Birkin zai yi zafi tun kafin rabi, ki taka ki ji kamar soso. Da giya ake sauka, giya ta biyu! Wa ya ba ki lasisi?"

"Can haka muke yi."

"Can ba su da iyaye ne? A ce 'yar cikina, a ji wannan maganar a tasha! Tashi."

A ƙarshen layinmu akwai wata 'yar gangara da ta nufi kasuwa. Ya wurgo min makulli, ya zagaya ya shiga kujerar mai zaman banza. Sau goma sha ɗaya muka sauka. Yana taka birkin da babu a gefensa, yana tsawa, mai faci da mai wankin mota suna kallo. Sau biyu na bar motar ta mutu da gangan.

Da muka dawo gida ya yanke hukunci. "Wannan gangarar wasan yara ce. Sai a kan dutsen gaske za ki koya. Ke za ki tuƙa, zuwa da dawowa, ina gefenki. Ba na son musu."

"To, Baba."

Umma ta ce ita a baya za ta zauna, a nemo mata auduga ta toshe kunne.

Na miƙa masa makullin. Ya dube shi, ko dai inda yake zaton yake.

"Riƙe a wurinki. Aljihuna ya huje."

Da yamma na ga Umma tana ninke rigar Baba. Ta zura hannu a aljihun, ta laluba, ba huji, ta ci gaba da ninki.