Keke a Jerin Takalma

Tsoho Kuramochi ya san gidan nan tun kafin ya zama gidan tarihi, tun mai shi yana fataucin siliki. A nan matar Kuramochi, marigayiya Fumie, ta yi ta saƙa har idonta ya yi rauni. Yanzu an baje wata ɗamara da ta saƙa a ɗakin ƙurya, yau ce kuma ranar ƙarshe, gobe za a naɗe a mayar akwati. Shi kuwa, yadda jikin nan ya koma, bai sa ran za a sake bajewa yana raye ba.

'Yarsa Sachie ta turo shi a keken guragu har zaure, inda kowa ke cire takalmi kafin ya taka tabarmin da aka shimfiɗe a duk ɗakunan. Mai tsaron ƙofa, Malama Ibuki, ta sha gabansu. Ta rusuna kam, amma fuskar nan a murtuke.

"Baba, a yi haƙuri. Keke ba ya hawa tabarma."

"Sai in goge tayoyin," in ji Sachie, tana zaro tsumma daga jaka.

"Ko an goge. Duk abin da ya taka titi takalmi ne."

"Takalmi? Ƙafafun ubana ne takalmi?"

"Ni dai dokar gida na faɗa. Ga hotuna can a bango, sai ya kalla."

"Hoto? Uwata ce fa ta saƙa abin! Ke da kika tsaya ƙiƙam kamar turke, kin taɓa ko zura zare a allura?"

"Ki sassauta murya, akwai baƙi."

"Su ji mana!"

Tsohon kuwa tabarmar yake kallo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi ma tsawon rayuwarsa bai taɓa barin kowa ya taka masa tabarma da ƙurar waje ba.

"Sachie, ya isa. Sauke ni."

"Haba Baba, a gaban mutane?"

"Sauke ni na ce. Ban zo roƙon wannan matar ba."

Ta ciccibe shi tana huci, ta ajiye a bakin tabarma. Ya dunƙula hannuwa, ya dafa, ya ja jiki, irin yadda ake shiga ɗakin bikin shan shayi a al'adarsu. Ƙafafun suna biye da shi kamar ba nasa ba. Baƙi suka dare, kowa ya kau da kai.

Malama Ibuki ta biyo shi. "Baba, tsaya in kira shugaba."

"Kira shi, ya zo ya duba ko gwiwata ma ta taka titi."

Sai da gumi ya jiƙe masa riga kafin ya kai. Ga ɗamarar a shimfiɗe, shuɗiya, da zanen ganye. Daga ƙasa yake kallonta, daidai tsayin da Fumie ke zama in tana saƙa.

Sachie ta waiga zaure, ta ja tsaki. Malama Ibuki ta koma ta juya keken ya fuskanci ƙofa, ta daidaita shi da sauran, yadda ake yi wa takalman baƙi.

"Baba, ka ga ta jera shi cikin takalma!"

"Rabu da ita," ya ce, bai ko ɗago ba. "Matsa, kina tare min haske."