Ranar da Tsirkiyar Cindo Ta Jiƙe

Ni na jiƙa wa ƙanena Cindo tsirkiyar bakansa. Shekara biyar ba wanda ya kayar da shi a gasar harbin kibiya, daga Maigatari har Sule Tankarkar. Ranar zaɓen gwanin da za a tura Abuja, na goya shi a babur zuwa Gumel, hadari ya haɗo.

"Yaya, mu fake," in ji shi. "Tsirkiyar nan fata ce, ba ta son ruwa."

"Kai, yayyafi ne! So kake mu makara?"

Ko da muka isa, tsirkiya ta saki. Kibiya uku ya harba, duk suka faɗi kafin allo. Aka ɗauki wani ɗan Gagarawa da ko riƙon baka bai ƙware ba. Kafin shekara ta zagayo, yanar ido ta kama Cindo, bai sake harbi ba.