Ranar da Baba Ya Ɗauki Wayar Ofis

"Bakwai... a'a, tsaya ɗana, wannan kamar ɗaya ce. Bari in goge tabarau."

Daga bakin igiyar shanya na jiyo muryar Baba, hannuwana duk kumfa. Da farko ban kawo komai a raina ba, don Baba in ya samu waya to ya samu abokin hira. Sai da na leƙa falo na ga wadda ke hannunsa. Baƙar nan ce ta ofis, wadda na bari a kan tebur kusa da kwamfuta.

Ban san lokacin da na yar da zanen da nake matsewa ba. Na fizge wayar, abin da ban taɓa yi wa mahaifina ba tunda na zo duniya, na kara a kunne.

"Wa ke magana?"

Ƙit, aka kashe.

"Uwata, lafiyarki kuwa?" Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Yaron ofishinku ne, mai gyaran na'ura. Ya ce za a rufe miki aiki in ba a karanto masa lambar da ta shigo yanzu ba. Na ce masa kina wanki, ba sai an tashe ki ba."

"Ka karanta masa?"

"Ta farkon dai na karanta masa tas. Wannan ta biyu ce."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna a kan kujera.

* * *

A kamfanin raba magunguna nake aiki. Ni ce mai karɓar odar asibitoci da kantunan magani, ni ce kuma mai tura musu inda za su biya. Lambar nan kuwa ita ce mabuɗin akwatin saƙona na imel. Duk wanda ya shiga cikinsa, to ya zama ni. Zai iya rubuta wa kwastomominmu kaf da sunan kamfani, ya karkatar da su inda ya ga dama. Ranar da hakan ta faru kuwa, ba sai an faɗa mini ba, aikina ya ƙare. Aikin nan shi ne cinmu, shi ne maganin hawan jinin Baba.

Ba mu shirya dawowa gida da aiki ba. Bututun ruwa ne ya fashe a saman benen ofishinmu, silin ya rufto a kan tebura. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa da wando a naɗe, ya ce kowa ya ɗauki kwamfutarsa da wayar ofis ya koma gida, aiki ya ci gaba. Iyakar horon da aka ba mu ke nan. Don ya nuna shi gwani ne, sai ya sa aka buga sanarwa a shafin kamfani na intanet, da sunan kowane ma'aikaci da aikinsa da lambar wayarsa, wai don kada kwastoma ya wahala. Wato ya share wa ɓarayi hanya, har da yayyafa ruwa.

Gidanmu kuwa ɗaki biyu ne da falo, teburin cin abinci ya zama ofis. Kuma mu a gidanmu waya ba ta da mai ita, wanda ke kusa shi ke ɗauka. Tun rasuwar Mama, Baba ne kullum a kusa.

* * *

Nan take na kira mai kula da na'urorinmu na gaskiya, wanda muke ce wa Injiniya. Ban ko gaishe shi ba.

"Kai ka kira ni yanzu?"

"Ni? A'a. Me ya faru?"

Na zayyana masa. Ya ce kada in taɓa komai, zai duba ya kira ni.

Jiran nan ne ya fitar da ni daga hayyacina. Na juya kan Baba.

"Wa ya aike ka? Wayarka ce? In aka kore ni, me za mu ci a gidan nan?"

Ya cire tabarau ya ninke, ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo.

Da wayar ta sake ƙara, sai da na duba lambar da kyau kafin in ɗauka. Abin mamaki, dariya na fara ji.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, ba su shiga ba," in ji Injiniya. "Sun gwada, amma lambar nan ba ta daɗewa take mutuwa. Kafin su buga ta, ta riga ta zama gawa. Shi ya sa suka nemi ta biyu. Don Allah me Baba ya yi musu haka?"

Na sa wayar a lasifika, na juya. "Baba, wai me ya tsayar da ku?"

Baba ya ɗago a hankali, yana tunanin wani faɗan ne. "To ai gaisawa muka yi. Mutum ya kira gidanka, ka fara da lamba? Na tambaye shi aiki, na tambayi mutan gida. Na ce ya mahaifinsa, ya ce ya rasu. To ai dole in yi masa ta'aziyya, in yi addu'a. Sannan na tashi neman tabarau, na duba ɗaki, na duba bayan kujera, ashe yana goshina."

Injiniya ya fara tari don dariya.

"Da na fara karantowa kuma," Baba ya ci gaba, muryarsa ta ɗan dawo, "sai na ga farkon lambar irin ta motar da na fara tuƙawa ce sak. Na ce bari in ba shi labarin motar nan. Yaron dai ba shi da haƙuri, sai cewa yake, 'Baba lambar, Baba lambar.'"

Wallahi ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ina dariya hawaye na zuba, na zame daga kujera na kai goshina ƙasa. Mutanen da suka yaudari masu digiri, yau ga shi surutun tsohon direba ya gajiyar da su.

* * *

Kafin la'asar Injiniya ya canza mini kalmar sirri, ya sa an sauke sanarwar nan daga shafi, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya yana ja mana kunne. Babu wani ɗan ofis da zai taɓa neman lamba a waya, ko da muryar Manaja ce. Wayar ofis ta zauna a jikin mai ita. In za a tashi ko da shan ruwa ne, a kulle kwamfuta. Wanda ke da ɗakin da ke rufuwa, ya koma can da aikinsa.

Manaja kuwa ya tara mu a bidiyo, ya gyara zaman wuyan riga, ya ce dama ya sha gargaɗinmu a kan sakaci. Ya sha gargaɗinmu! Na kashe makirufo na ja tsakin da ya fi ƙarfin kunnensa. Amma aikina na nan, babu kwastoman da aka taɓa, don haka na bar shi ya ci bakinsa.

Bayan an tashi na je na durƙusa a gaban Baba na ba shi haƙuri.

"Ba komai Uwata, gaskiyarki ce," ya ce. "Wai shi yaron nan, kina ganin mahaifin nasa da gaske ya rasu? Don ni da zuciya ɗaya na yi masa addu'a."



Washegari na ja ƙaramin tebur zuwa ɗakina, na sa waya a aljihu, na murza makulli. Aiki ya tafi sumul, hankalina kwance. Can da hantsi na ji jan silifas ɗin Baba ya nufo ƙofar. Ya tsaya. Na ɗaga hannu daga kwamfuta ina jiran ya ƙwanƙwasa. Bai ƙwanƙwasa ba. Na ji ƙarar an ajiye wani abu a ƙasa, silifas ɗin ya juya.

Da na buɗe, kofin shayi ne a bakin ƙofa, ya rufe shi da faranti don kada ya huce.