Wayar Dogo

Abin da kawun nan ya yi wa ɗan ƙanwarsa cin amana ne. Abin da ya yi wa uwar Dogo kuwa ya fi haka muni, kuma ya yi shi da hankalinsa a jikinsa, yana cin abinci yana gaisawa da mutane.

Kawun shi ne shugaban ma'aikata a wani kamfanin wanki da ke karɓar zanen gado da tawul daga otal-otal. Ya daɗe a birni, har ya iya tafiyar mutanen birni, wadda ba a waiwaye. Da shagon ɗinkin ɗan ƙanwarsa ya mutu a gida, sai ya aika masa ya zo, akwai aiki. Ɗan ƙanwar ya bar matarsa da goyo, ya hau mota, ya zo birni baƙo. Ranar da ya sauka aka zare masa waya a cikin bas, bai ko ji ba.

Kawun bai yi faɗa ba. Ya kai shi wani ɗaki a saman bene, inda maza da yawa ke kwana a gadaje masu hawa biyu, ya nuna masa na ƙasa kusa da taga. Ya ba shi rigar aiki da wando, da takalmin roba, da kati mai igiya, da tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ya ce duka na wani ne da ake kira Dogo, wanda ya tsallaka ƙasar waje ba sallama. Sabon kati sai an yi wata da watanni ana jira, don haka ya riƙe wannan, duk wanda ya kira Dogo ya amsa. Saƙon canjin aiki ta wayar yake zuwa. Sai dai akwai lamba ɗaya da aka rubuta Inna a kanta, wannan kada ya kuskura ya ɗauka, rigima ce ta uwa da ɗa, ba ruwan bare.

Baƙon gajere ne. Sai da ya naɗe ƙafar wandon, ya cusa tsumma a takalmin. Mai gadin kamfanin ya dubi katin, wanda tururi ya cinye hotonsa, ya dube shi, ya ce, "Dogo, wa ya saka ka a ruwan zafi ka tsuke haka?" Wasu direbobi suka yi dariya. Ma'aikatan ciki ba wanda ya yi.

Ya koyi birni kamar yadda kowa ke koya, da kunya da ɓatan hanya. Ya koyi rungume jakarsa a ƙirji cikin bas. Ya daina gaida mutane a kan gadar sama, domin kallon mabaraci suke yi masa. Ya gane cewa layin banɗaki bokiti ne ke riƙe shi, ba mutum ba. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne gadon. Katifar tana da rami irin na mutum mai tsawo, idan ya kwanta sai ya ji kamar ya faɗa cikin kwanciyar wani. Ƙusar rataye riga tana can sama, sai ya yi ɗage. Mai shayin bakin titi, da ya ga rigar, yakan zubo masa ba madara, sannan ya ɗago kai ya ga ba Dogo ba ne. Abokan ɗakin ba sa zama a bakin gadon nan, ko da wuri ya yi ƙaranci.

Kullum da safe, yana cikin bas, wayar takan yi rawa a aljihunsa. Inna. Yakan dafe ta da tafin hannu har ta gaji. Wani lokaci kawun yakan karɓi wayar, ya juya baya ya yi ɗan rubutu, ya mayar. Baƙon ya duba wata rana, ya ga an rubuta wa ƙanwar Dogo cewa yana lafiya, aiki ne ya yi yawa, a gaida Inna.

Daga nan ya fara sauraron saƙonnin murya da tsohuwar ke bari. Ba rigima a cikinsu. Tana cewa an gyara rufin ɗakinsa. Tana cewa ƙafarta ta yi sauƙi. Tana cewa ita ba komai take so ba, in ma laifi ta yi masa ya yafe mata, ya dai buɗe baki ya ce ko kalma ɗaya ce. A bayan muryarta ana jin kaji da ƙarar tsintsiya, irin na gidansu shi ma.

A wurin aiki an haɗa shi da wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo. Su biyu ke ciyar da injin guga: kowa ya kama kusurwar zanen gado, a ja shi ya miƙe, a saka a bakin injin a tare. Da farko zanen yakan shiga a karkace, domin hannun Goggo ya saba da ɗagawa sama. Ita kaɗai ce ba ta taɓa kiransa Dogo ba. Ɗan nan take ce masa. Takan tsokane shi cewa za ta sayo masa kujera ya riƙa hawa, shi kuma ya ce ta bari sai ya gama girma.

Wata rana da azahar, suna cin abinci a bayan injinan busarwa, wayar ta yi rawa a kan benci tsakaninsu. Goggo ta ga sunan, ta ajiye cokali. Ya tambaye ta wace ƙasa Dogo ya tafi.

"Ɗan nan, a nan ya faɗi, inda ka sa ƙafarka. Ni na tallabi kansa."

Ta ba shi labarin a hankali, tana kallon ƙofa. Fankokin fitar da zafi sun lalace a lokacin, kawun bai kai rahoto ba, ya kuma sa Dogo ya haɗa aikin safe da na yamma. Da ya faɗi, kawun ya cire masa rigar aiki da kati, ya fita da shi ta ƙofar baya a tasi. A asibiti ya ce a bakin titi ya tsince shi, bai san shi ba. Dogo bai kai yamma ba. Katin bai mutu ba, albashi yana ci gaba da fitowa da sunansa. Kowa a nan ya sani, kuma kowa a ƙarƙashin kawun yake cin abinci. Ta ce ita ma ta yi shiru, kuma ba ta da abin da za ta faɗa wa Allah.

Baƙon ya san abin da ke gabansa. Aikin da gadon da abincin matarsa duk a kan wannan shirun suke. Kawun kuma yayan mahaifiyarsa ne, ciki ɗaya. Ya yi kwanaki yana dafe wayar kamar da. Mutum yana iya daɗewa a haka, wasu har su tsufa.

Wata safiya bas ta tsaya cak a cunkoso, wayar ta fara. Ya ɗauka. Kafin ya yi magana tsohuwar ta kira ɗanta da wani suna na gida, wanda ba a kan katin yake ba.

"Inna, ba shi ba ne," in ji baƙon. "Ni ne aka ba wa gadonsa."

Ya faɗa mata komai, a tsaye, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen bas, mutane na matse da shi ta ko'ina, kowa na kallon gabansa. Ba ta yi kuka a wayar ba. Da ya gama sai ta ce, "Yaro, an yi masa wanka? An yi masa salla?"

Ya ce bai sani ba. Ta ce to, ya tambayo mata.

Ƙanwar Dogo ta zo birni da baffansu. Baƙon ya tarbe su a tasha, shi da ba a daɗe da tarbarsa ba, ya kai su asibitin, ya kai su wurin 'yan sanda. Goggo ta ba da shaida, mai gadi ya bi bayanta, sannan sauran. An nuna wa dangin wani fili a ƙarshen maƙabarta inda ake binne waɗanda ba a san su ba. Ba wanda ya iya cewa ga kabarin. Amma mai kula da wurin ya ce duk wanda aka kawo ana yi masa sutura da salla, baƙon kuma ya kira tsohuwar ya gaya mata haka.

Kamfanin ya sallami baƙon saboda ya yi aiki da katin wani. Mahaifiyarsa ta daina ɗaukar wayarsa, ta ce ya tona wa ɗan'uwanta asiri a gaban bare. Yanzu yana facin kaya da keken ɗinki na haya a ƙarƙashin wata gada, yana kwana a shagon mai keken.

Kawun an kore shi daga aiki, kotu ta same shi da laifi, yana gidan yari.