Gudun Usva

Karen, mai suna Usva, ya tsaya cik a bakin ƙofar shingen waya na filin karnuka, ƙafafunsa huɗu a kafe cikin dusar ƙanƙara, jikinsa na rawa kamar mazari. Inda idanunsa suke a da, yanzu fata ce a ɗinke, gashi ya fara rufe tabon. Raimo Kettunen ya ja igiyar a hankali. Usva bai motsa ba.

"Kin gani ko?" in ji Raimo. "Ko makaho ya san gidan yari idan ya ji warinsa."

"Kai dai shigo da shi, tsoho, ka bar mu da wa'azi," Marjatta ta ce, ta tokare ƙofar da ƙafa. Maƙwabciyarsa ce ta saman bene, ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma ba a taɓa jin wanda ya kayar da ita a gardama ba. Yau da gangan ta baro tata karyar a gida.

Shekara talatin da huɗu Raimo ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwan garin Kotka. Hutunsa duka a daji ya ƙare, shi da karnukansa. Usva ne na ƙarshensu, karen farautar zomo, mai murya irin wadda ake ji daga ƙetaren tafki. Kullum idan suka bi ta gefen filin karnukan unguwa, Raimo sai ya ja tsaki. A ganinsa wuri ne da mutane ke tsayawa suna latsa waya, karnukansu na cizon juna, suna rarraba tari da tsutsar ciki, ƙasa duk ta zama caɓi. Kare da ya san daji, me zai yi da keji?

Sai ciwo ya zo. Idon hagu ya fara kumbura, na dama ya bi baya, kafin Kirsimeti likitar dabbobi ta cire su duka biyun. Sau ɗaya Raimo ya gwada sakinsa a daji. Usva ya ji warin zomo, ya zabura, ya yi karo da kututture har goshinsa ya tsage. Daga ranar ya shige ƙarƙashin teburin kicin ya kwanta. Abinci sai an yi da gaske yake lasa.

Ranar Lahadi 'yarsa Sanni ta zo daga garin Lahti, inda take aikin jinya. Ta durƙusa ta shafa haƙarƙarin karen, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, don kanka kake riƙe da shi, ba don shi ba."

Bai musa ba. A gabansa ta kira likitar, aka sa Juma'ar mako mai zuwa za a yi wa Usva allurar da ba a farkawa. A matakalar bene Marjatta ta tsare shi ta tatsi labarin, shi ne ta ce ko mutuwa zai yi, a kai shi filin karnukan ya taka ƙasa babu igiya tukuna.

A safiyar nan dai da ƙyar suka shigar da shi filin. Gari bai gama wayewa ba, filin babu kowa. Raimo ya sunkuya ya kwance igiyar, ya ja da baya.

Usva ya daɗe a tsaye. Can ya miƙa wuya, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai gwada zurfin ruwa, ya ajiye. Ya ƙara taku, ya ƙara, har hancinsa ya taɓa waya. Ya firgita. Sai kuma ya matso, ya jingina kafaɗarsa da ita, ya soma tafiya a jikinta. Wayar na ƙara a hankali, dusar da ta taru a kanta na zubo masa a baya. Da ya kai kusurwa ya tsaya ya shinshina, ya juya, ya ci gaba.

"Me yake yi haka?" Marjatta ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Awo yake yi," in ji Raimo, shi kansa bai san daga inda amsar ta fito ba.

Sau biyu ya kewaye filin a ranar. Washegari sau biyar. A rana ta uku ya bar jikin wayar ya ratsa tsakiya, ya gano bencin da ke ciki, ya gano itace ɗaya tilo da ke wurin, ya gano dutsen da ke kusa da shi. Da ya sake biyowa, Raimo ya ga ya kauce wa dutsen tun kafin ya iso shi. Da suka koma gida ya cinye rabin kwanonsa.

A rana ta huɗu suka makara. Usva na tsakiyar fili sai ƙofa ta buɗe. Wani mutum cikin doguwar rigar ofis, wayar hannu a kunne, ya saki wani ƙaton saurayin kare, fari da toka. Karen ba mugu ba ne, wasa yake so. Ya rugo, ya duƙar da ƙirji yana kaɗa wutsiya, irin gayyatar da kowane kare ke ganewa idan yana da ido. Usva ya ji nauyi ya bangaje shi daga inda bai sani ba. Ya kai cizo cikin iska. Kafin Raimo ya kai wurin sun sarƙe, da aka raba su kunnen Usva ya rabe biyu, jini na ɗiga ja wur a kan farar ƙasa.

"Kai ba ka tambaya kafin ka saki kare?" Raimo ya daka masa tsawa.

Mutumin ya sauke wayar. "Yi haƙuri, ban lura ba. Amma ai filin na kowa ne. Kare mai irin wannan larura, a gida ya kamata ya zauna."

Abin da ya fi ƙona wa Raimo rai shi ne maganar ba ƙarya ba ce. Ya sungumi karensa a ƙirji, duk nauyinsa, ya nufi ƙofa. Da ya zo wuce Marjatta ya ce, "Ga kejinki nan." Ta buɗe masa ƙofar ya wuce.

Ɗinki huɗu aka yi. Likitar tana wanke hannu ta tambaye shi, ba tare da ta dube shi ba, ko maganar Juma'a na nan. Ya ce tana nan.

Usva ya koma ƙarƙashin tebur. Kwana biyar Raimo bai kai shi ko'ina ba sai bakin gida. Ranar Alhamis da safe yana haɗa kofi ya ji ƙarar farce a jikin katako. Ya leƙo. Karen na tsaye a bakin ƙofa, kunne a naɗe da bandeji, hanci a manne da inda iska ke shigowa.

Ya ɗauka fitsari ne. Amma da suka sauka, Usva ya ja igiya ya yi hagu, ya ƙetare titi, ya bi ta bayan shagon burodi, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Raimo ya bi shi kamar shi ne makahon.

An kwana ana zuba dusar ƙanƙara. Filin ya kwanta sumul, babu sawun kowa, rana ta ɗan leƙo ja daga bayan itatuwa. Raimo ya rufe ƙofa, ya kwance igiyar.

Usva ya jingina da waya ya kewaye sau ɗaya. Ya dawo kusurwar farko ya tsaya, ya ɗaga hanci sama. Sai ya fara sassarfa. Sassarfa ta zama gudu.

Raimo ya buɗe baki zai kira shi, amma ya makara. Karen ya miƙe jiki kamar kibiya, dusa na tashi a bayansa, ya tunkari wayar can ƙarshen fili da dukkan ƙarfinsa. Raimo ya runtse ido yana jiran ƙarar karo. Bai ji komai ba. Da ya buɗe, Usva ya riga ya karkata, saura taki ɗaya tsakaninsa da waya, ya sha kwana ya biyo ɗaya gefen. Ya wuce benci. Ya ratsa tsakanin itacen da dutsen, wurin da bai fi kamu uku ba. Ya sake zagayowa, ya ƙara wuta. Sannan ya saki muryar nan, doguwa, mai amo, wadda Raimo bai ji ba tun kaka, har hankaki suka watse daga kan itatuwa.

"Ikon Allah," aka ce a bayansa.

Marjatta ce, ta ɗora babbar riga a kan kayan barci, takalma ba a ɗaure ba. Daga taga ta hango su. Ta juya ta ba ƙofar baya, ta harɗe hannuwa, domin masu fitowar safe sun fara isowa da karnukansu.

"Minti goma," ta ce musu. "Wanda ke sauri ga titi nan."

Babu wanda ya yi gardama. Suka jeru a jikin waya, mutum shida ko bakwai, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi. Har da mai doguwar rigar ofis, ya naɗe igiyar karensa a hannu sau biyu, wayarsa na ruri a aljihu bai ɗauka ba.

"Ta yaya yake sanin wurin juyawa?" wata mata ta tambaya.

Raimo ya laluba aljihu ya kira Sanni. Da ta ɗauka sai ya ɗaga wayar sama kawai, don ta ji muryar karen.

"Baba? Lafiya? Karen wa ke..." Ya ji ta ja numfashi. "Baba, gudu yake yi?"

"Gudu yake yi."

Ta ce, "Ni zan kira likitar in soke maganar gobe. Kai tsaya ka kalle shi."

Daga nan abin ya zama ƙa'ida, ko da yake ba a rubuta ta a ko'ina ba. Bakwai da rabi zuwa takwas saura kwata na Usva ne. Akwai masu gunaguni, wani ma ya ce zai kai ƙara ofishin gari, Marjatta ta ce ya gaishe su. Sau ɗaya Usva ya kwaso tari a wurin, ya yi mako biyu yana fama. Raimo ya zagi filin tas, ranar da tarin ya warke kuma shi ne na farko a ƙofa.

Da dusa ta narke, wata safiya suka tarar da ma'aikata biyu a bayan filin, suna jan igiyar awo suna kafa turaku masu jan ƙyalle. Marjatta ta je ta yi tambaya, ta dawo tana washe baki.

"Faɗaɗa shi za su yi, tsoho! Za a matsar da wayar baya har bakin itatuwan can. A sa sabon benci, a..." Sai maganar ta maƙale. Ta dubi Usva, wanda a daidai lokacin ya karkata a kusurwarsa ta kullum, taki ɗaya daga waya. "Kash. Wayyo, ban yi tunani ba, sai ya sake awo daga farko."

Raimo ya daɗe yana kallon turakun. Ya ƙiyasta tazarar da ido, irin yadda ya saba daga saman injinsa. Taki ashirin, ko fiye.

"Yaushe za su fara?"

"Litinin, wai."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe igiyar ya cusa a aljihu.

"To, Talata sai mu fito da wuri," ya ce.